Ladan da Waƙar Idi Bature

Akwai wani Bature da ya fi shekara hamsin yana bin aurena. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, shi kuwa bai ma san da zamana a duniya ba. Sunansa Idris Prosser, mawaƙi ne daga wata ƙasa da ake ce wa Wales, can gefen Ingila, inda aka ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Lokacin da faya-fayansa suka fara shigowa Kano, samarin Fagge suka ji sunan, suka ce ai namu ne, suka raɗa masa Idi Bature. Daga baya aka gano su ma a garinsu suna sa wa yara Idris, kuma wannan ko alwala bai iya ba. Amma suna ya riga ya bi shi.

Mutanen Bronx, a nan Amurka, sun san maigidana da Alhaji Shitu Ladan. Kusan shekara talatin shi ke kiran salla a wani ƙaramin masallaci a unguwar Morrisania, wanda a da shagon gyaran taya ne. Ba a yarda a sa lasifika a waje ba, amma Alhaji bai taɓa bukatarta ba. In ya buɗe murya, har masu wankin mota na tsallaken titi sai sun ɗaga kai. Mutum ne mai tsare gida, ga gemu, ga carbi, ko tafi bai yarda a yi a gidan suna ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa ko 'ya'yan da na haifa na yi shekara da shekaru ban gaya musu inda aka horar da wannan muryar ba.

A wani otal na Sabon Gari aka horar da ita. Da na aure shi, saurayi ne siriri mai tulin suma, yana waƙa da wasu makaɗa 'yan kudu duk ranar Asabar, kuma ba ya waƙar kowa sai ta Idi Bature. Turancinsa a lokacin bai fi cikin cokali ba, amma zai zauna gaban garmaho ya yi ta maido allura baya har sai ya kwashe komai, har inda Baturen ke jan numfashi. Shekarar haihuwarsu ɗaya, kuma yana faɗin haka kamar wata sarauta aka naɗa shi. Ni ke goge masa rigar wasan da dutsen guga na gawayi, wata ja mai ƙyalli, kwalarta kamar kunnen jaki. Ina guga ina zumɓura baki, amma ƙarya nake in na ce ba na alfahari.

A cikin waƙoƙin akwai wadda nake kira waƙar kwat. Wata rana ina guga ya tsaya a bakin ƙofa ya rera mini ita, sannan ya fassara. Wai wani mutum ne ya bar kwat ɗinsa a gidan budurwarsa da gangan. Amshin gaɓa uku ne: ki ajiye mini kwat ɗina, kar ki ba kowa ya sa, zan dawo in ruwa ya ɗauke. Na ce to, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, ai wannan wayo ya yi mata. Ya yi dariya, ya ce in gwada rerawa. Na gwada. Ya toshe kunne, ya ce, "Hasiya, don girman Allah, ba haka ba ne," ya ɗauko karin daga farko ya gyara. Halinsa ke nan har ya tsufa, ba ya iya jin an karkace kari ya yi shiru. Yaran da ya koya wa kiran salla sun sha wuyarsa. Ni kuwa daga ranar na daina waƙa a gaban ɗan Adam.

Rasuwar mahaifiyarsa ce ta raba shi da waƙa. Wata Asabar da yamma jikin Inna ya rikice, shi yana otal. Wanda aka aika ya kira shi ya tarar da shi a kan dandamali, ya ji nauyin katse shi, ya tsaya jira. Ni ce a kanta, da cikina na fari, ina maimaita mata kalmar shahada yadda na ga manya suna yi. Ta karɓa, ta cika. Ya shigo cikin jar rigar nan bayan an rufe mata fuska. Bayan sadakar uku ya tattara faya-fayan ya farfasa su da taɓarya, ya kira ni ɗaki.

"Hasiya, ni na san abin da na cika bakina da shi. In na riga ki, kar ki bar ni in tafi da shirme a harshena. Yadda kika yi wa Inna, haka za ki yi mini. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Yarinya ce ni, na ɗauka magana ce kawai ta mai sabon rashi.

To, Alhaji ya daina, amma Idi Bature bai daina ba. An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta ƙi bushewa. Muka yi ƙaura zuwa Amurka, muka tarar ya riga mu zuwa. Aka yi wani zamani da aka manta da shi, sai a tashoshin tsofaffi ake sa shi, na ce alhamdu lillahi, an huta. Ashe shi ma hutawa ya yi. Ya dawo da wasu yara sa'o'in 'ya'yansa suna masa kiɗa, ya rina gashi baƙi ƙirin. Daga baya ya bar rinin, furfura ta fito, aka ce wai yanzu ma ya fi kyau. Matarsa ta mutu, ya yi waƙa a kai. Aka yi masa aiki a ƙugu, ya koma waƙa a zaune. Ya yi bankwana da masu sauraronsa, aka sha kuka, ba a jima ba ya sake wani bankwanan. Duk wannan ban nemi sani ba, a jikin bas nake gani da talabijin ɗin ɗakin jiran likita. Shekarun da Alhaji ya yi yana tuƙin tasi, in muna mota waƙar mutumin ta shigo, kiɗan bai gama fitowa ba zai kai hannu ya kashe rediyo. Mai kashe waƙa tun ba a fara ta ba ai ya fi kowa saninta. 

Ni kuma, abin da na fara a kan Inna ya zame mini aiki. Duk macen da jikinta ya yi tsanani a cikin mutanenmu, daga University Heights har Harlem, Hajiya Hasiya ake kira. Laƙƙana wa mutum kalma yana da ƙa'ida. Ba a ce wa mai jinya "faɗi", kada zafin ciwo ya sa ya ce ba zai faɗa ba. Kusa da kunnensa ake faɗi, a hankali, har ya kama. Da zarar ya faɗa sai kowa ya yi tsit, kada a ja shi da wata magana, don ita ake so ta zama ta ƙarshe. In ya sake wani zance, a koma farko. Na zauna a kan mata da yawa, kuma ina jin kaina a wannan fanni, ba zan ɓoye ba.

Ciwon Alhaji a masallaci ya fara nuna kansa. Yana kiran la'asar, ya kai tsakiya, sai ya tsaya, hannu a kunne, yana kallon bango. Limamin, Malam Yacouba, mutumin Maraɗi, shi ya ƙarasa kiran, ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi gida. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa. A hankali abubuwa suka yi ta zubewa: sunayen jikoki, hanyar banɗaki, har Fatiha. Ranar da na ga ya tsaya a kan darduma bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji kukana. Daga ƙarshe maganar ma ta ƙafe. Zai wuni a kujera yana kallon taga, in na yi masa magana ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa. Bayan kowace salla nakan durƙusa kusa da kunnensa in faɗi kalma, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ko leɓensa bai taɓa motsawa ba.

Autarmu Sa'adiyya, wadda aka haifa a nan, ita ta dawo gida tana taya ni jinya. Wata rana da hantsi muka tura shi a keken marasa lafiya zuwa wani babban kantin magani a Fordham Road. Muna layi, sai na ji kiɗan nan yana saukowa daga lasifikar silin. Ni ma tun bai gama fitowa ba na gane shi. Na juya keken zan fita, ashe na makara.

Alhaji ya miƙe zaune, ya gyara kafaɗa, ya ja numfashi daidai inda Baturen ke ja. Muryar da ta fito ba ta tsohon da nake ba koko da cokali ba ce. Ta saurayin nan ce mai jar riga, ba abin da ya ragu. Mutumin da ya manta sunana ya rera waƙar kwat daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe da kalma ɗaya ba. Ji na yi kamar an tone kabari a gabana, na ciki ya tashi yana karkaɗe riga. Wata tsohuwa Ba'amurkiya ta dafe ƙirji tana hawaye, mutanen layi suka yi ta tafi.

"Mama," in ji Sa'adiyya, ta zaro ido, "what was that? Baba singer ne?"

"Tura keke mu tafi," na ce.

A gida na gaya mata komai, tunda ƙwai ya riga ya fashe. Ita murna ta yi. 'Yar Amurka, me ta sani? Ta tara duk waƙoƙin mutumin a wayarta, daga na farko har na bara, ta ce likita ya ce kiɗa yana taimaka wa masu irin wannan ciwo. Na hana, sai ta riƙa bari in shiga wanka ta kunna masa. Daga baya ma wayar ba ta da amfani, don shi da kansa yake ɗaukowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idi Bature ya shigo gidana ya miƙe ƙafa. Ina ɗaki ina salla, yana falo yana roƙon wata ta ajiye masa kwat. In na sa karatun Alƙur'ani ya yi shiru, ina kashewa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba shi ba ne, ni ce. In yana waƙar, yana gane ni. Ba Hajiya mai ciwon gwiwa yake gani ba, amaryar Fagge yake gani, amma dai ni ce. Wata rana ya gama amshin, ya kashe mini ido ɗaya, ya ce da Hausa tar, "Hasiya, an goge rigar?" Na fi shekara ban ji sunana a bakinsa ba. Na ce, "An goge." Na koma kicin ina istigfari ina murmushi. Ina son jin muryar nan, ina sonta ƙwarai. Kuma duk ranar da na ji daɗinta sai in tuna mutumin da ya farfasa faya-fayai da taɓarya, in ji na haɗa baki da ɓarawo a kansa.

Wata Juma'a Malam Yacouba ya zo dubiya da dattawan masallaci. Na yi ta addu'a Alhaji ya yi barci, bai yi ba. Ana cikin shafa Fatiha ya dunƙule hannu a gaban bakinsa, wai makirufo, ya saki wata mai zafi, har da kaɗa kafaɗa. Dattawa suka sunkuyar da kai, kowa na nazarin safarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da za su tafi, Malam ya dakata a bakin ƙofa.

"Hajiya, ki yi hanƙuri. Mu ma can gida mun ji wannan chanson, waƙan nan, a rediyo muna samari, wallahi ɗazu ƙafata na danne kar ta kaɗa. Bon, wanda hankalinshi ya gushe, an ɗauke mai alƙalami. Ba a rubuta mai komi."

"Allah gafarta Malam, shi an ɗauke masa alƙalami. Ni ba a ɗauke mini alkawari ba."

Ya sa takalminsa ya tafi.

Da sanyi ya fara shigowa, fastocin Idi Bature suka cika tashoshin bas: wai bankwana na ƙarshe, zai zo Manhattan, nan kusa da mu. Ga shi nan da farar suma da sanda yana wa mutane murmushi, sa'an mijina da nake sa wa kunzugu. Haushi kamar in yage fastar. Sa'adiyya kuwa ta je ta sayo tikiti, wai za ta kai babanta ya ga mutuminsa ko sau ɗaya a rayuwa. Na ce in dai ni na haife ta, ba za a yi ba.

"Mama, shi kaɗai ya rage masa," ta ce. "Kina so ki ƙwace?"

"Ban ƙwaci komai ba. Amanar da ya ba ni yana cikin hankalinsa nake riƙo."

"To wanne ne real Baba? Wancan ko wannan?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Rigimar ma ta banza ce. Kafin ranar ta zo ciwon huhu ya kwantar da shi, likitoci suka ce mu mai da shi gida, abin da ya rage sai addu'a. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo.

Ranar wata Laraba ce da hantsi, rana tar. Na ga alamun da na sani, ƙafafu sun yi sanyi, numfashi na sarƙewa. Yayyen Sa'adiyya suna wasu garuruwa, na san ba za su iso ba. Na kira Malam Yacouba, ya zauna a gefen gado yana karanta Yasin ƙasa-ƙasa. Sa'adiyya ta riƙe ƙafar babanta. Idon Alhaji a rufe, amma leɓensa na motsi. Na kai kunne. Waƙar kwat ce, ba ƙarfi, tana fita tana yankewa, in ta ƙare ya koma farko.

Na fara aikina. "La'ilaha illallah." A hankali, yadda na yi wa mata ba adadi. Bai ji ba. Na sake, na sake. Malam ya rufe Alƙur'ani ya matso ya gwada da muryarsa ta liman, shi ma a banza. Numfashin sai ƙara nisa yake tsakani, Baturen kuwa na nan daram a bakinsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce a raina, yau ke nan, Hasiya, kin raka matan mutane, naki zai tafi da kwat.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na san dai ƙofa ɗaya ce ta rage da ake shiga wurinsa. Na gyara murya, a gaban liman da 'yar cikina, na ɗauko karin amshin, na ɗora kalma a kan gaɓar farko. Muryata ta fito kamar an buɗe tsohon ƙyaure. Na ji Malam ya ɗago kai, ban kalle shi ba. Na ɗora ragowar kalmar a kan gaɓa ta biyu, inda ya kamata in hau na sauka, na dagula komai.

Alhaji ya yamutsa fuska. Ya buɗe ido ya dube ni, irin kallon nan na bakin ƙofa a Fagge.

"Ba haka ba ne," ya ce.

Sai ya gyara mini. Ya ɗauko daga farko, da kalmomin da na ba shi, ya hau inda ake hawa. "La'ilaha illallah. Muhammadur Rasulullah." Ban san daga ina ya samo ƙarfin ba. Muryar ladan ce, kuma ta mai jar riga ce, na kasa raba su, ta cika falon nan kaf.

Na ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Sa'adiyya ta cusa mayafi a baki.

Amma amshin gaɓa uku ne, biyu ya yi. Duk wanda ya san waƙar ya san ba a tsayawa a nan, karin a rataye yake yana jiran a sauke shi. Idonsa na kaina, yana murmushi. Na ga ƙirjinsa ya fara ɗagowa, yana jan numfashi daidai inda ake ja. In ya saki, da Turanci zai saki, kuma na san ba shi da sauran ƙarfin da za mu koma farko. Na damƙe hannunsa. Ni da na shekara hamsin da ɗoriya ina roƙa masa tsawon rai, na ce a zuciyata, ya Allah, yanzu. Ka karɓe shi yanzu.

Numfashin ya fita babu sauti. Bai sake jan wani ba.

Malam Yacouba ne ya shafe masa ido. Na kasa ɗaga kai, na ce, "Malam, abin da na yi..." Ya tare ni, ya ce, "Hajiya, ni kalma na ji. In an tambaye ni gobe ƙiyama, ita zan shaida." Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa Ladan ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya cika da kalma. Gaskiya ne. Na sauke alkawari, kuma da za a sake, haka zan sake yi.

Sai dai abin bai tsaya a nan ba. Tun daga ranar ban sake faɗin kalmar shahada ita kaɗai ba. A tahiya, a kan carbi, ko tuntuɓe na yi, da karin nan take zuwa, ta hau inda ake hawa, ta tsaya cak a gaɓa ta biyu, ni kuma in ji ina jan numfashi. Ina cikin takaba nakan ji shi a falo, inda gadon yake a da, ba waƙar ba, wannan jan numfashin. In leƙa, ba kowa sai kujerarsa. Bayan na fita takaba aka kira ni kan wata baiwar Allah 'yar Damagaram a University Heights. Na durƙusa kusa da kunnenta, na buɗe baki, na ji abin da ke shirin fitowa, na miƙe na ce wata ta karɓe ni. Daga nan na ce a daina kirana.

Sai da gida ya yi shiru na zauna na tuna me gaɓa ta ukun ke cewa. Zan dawo. Abin da yake shirin gaya mini ke nan, yana kallona yana murmushi, ni kuma na roƙi Allah ya tare shi. Na san shirme ne, waƙar wani Bature ce kan wata kwat, kuma ba wanda ke dawowa. Amma ina kewarsa har cikin ƙashina, kuma da ma na ji.

Idi Bature yana nan da ransa. Ya yi bankwanansa a Manhattan, tikitinmu na cikin durowar Sa'adiyya, kuma tuni na ga sabuwar fasta a tashar bas, wai ya fitar da sababbin waƙoƙi. Makon jiya na shiga kantin nan na Fordham Road karɓar maganin gwiwa, ina layi kiɗan ya sauko daga silin. Na tsaya na saurari baitin farko. Ya shiga amshi, ya ce a ajiye masa kwat, ya ce kar a ba kowa. Daidai inda zai ja numfashi na toshe kunnuwana ta cikin mayafi, na fita titi ban karɓi maganin ba. Ba daga bakinsa nake jira in ji ba.